Wa Zai Biya Kuɗin Yaɓen Gidan Tarihi? Fashin Baƙi Kan Kasafin Ƙaramar Hukuma

Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san damina ba ta jiran kowa. Tun kafin hadarin farko ya haɗu maigida ya nemi magini, an kwaɓa ƙasa, an toshe tsaga, an gyara bakin indararo, an bi soro da makuba. Wanda ya ce sai ya samu kuɗi mai kauri tukuna, a watan Agusta zai kwana yana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo, baɗi kuma azara ce za ta ruɓe. Da yawa daga cikin gidajen tarihinmu na Arewa gidajen ƙasa ne, kuma duk doguwar maganar kasafin kuɗinsu, in aka tace ta, a kan wannan yaɓen na shekara-shekara take tsayawa: wa zai biya, daga wane babi, kuma a wane wata.

Mu ɗauki Kano, domin a can abin ya fi fitowa fili. Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki gini ne da ake danganta shi da ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi, daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani sashen ya zama wurin adana kayan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'i, da hotunan birnin na farkon zamanin Turawa. A ƙasar ƙaramar hukumar Birni da Kewaye yake zaune, labarin Kanawa yake bayarwa, yaran makarantun Kano ne suka fi cika shi. Amma a takarda na Abuja ne: yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 77 ta 1979, kuma daga can albashin ma'aikatansa ke fitowa. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen nan da ya buɗe makarantar boko ta Nassarawa a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Badala kuwa, wato ganuwar birnin Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ta ratsa ƙananan hukumomi fiye da ɗaya, tana cikin jerin wuraren da Najeriya ke nema wa rajistar wuraren tarihi na duniya ta hukumar UNESCO tun 2007, kuma kowa ya ga yadda aka yi ta yankar ta ana gini. Ga tarayya, ga jiha, ga masarauta. Ƙaramar hukuma, wadda ta fi kowa kusa da bangon, ita ce ba a jin sunanta.

Abin yana da asali a doka. Tsarin mulkin 1999 ya raba sha'anin kayan tarihi tsakanin tarayya da jihohi: abin da aka ayyana a matsayin na ƙasa baki ɗaya tarayya ke da shi, sauran kuma majalisar jiha na iya yi musu doka. Da aka zo Jadawali na Huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, sai ka ga kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin keke da amalanke. Sannan aka ce ta sa hannu a ilimin firamare, da kiwon lafiya, da noma. Ko sau ɗaya ba a ambaci gidan tarihi ba. Shi ya sa in ka je wa ma'ajin ƙaramar hukuma da maganar, amsar farko da za ka ji ita ce ba huruminsu ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai a ƙarshen jadawalin akwai wata 'yar ƙofa da ba a cika lura da ita ba: an ce ƙaramar hukuma na iya ɗaukar duk wani aiki da majalisar dokokin jiha ta ɗora mata. Za mu dawo kan wannan ƙofar.

Kafin nan a leƙa aljihun. Daga abin da ake rabawa a asusun tarayya duk wata, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A baki, kashi ashirin da ɗoriya kuɗi ne mai yawa. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. Kafin ya iso sakatariya an cire albashin malaman firamare, an cire fansho, an cire kason masarauta, an cire na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa. Abin da ke rage wa ciyaman sau da yawa albashi ne da ɗan abin gudanarwa. Kuɗin shiga na cikin gida, wato na rasit ɗin kasuwa da tasha da shaguna, bai taka kara ya karya ba in ban da a 'yan manyan birane. Mutumin da ke cikin wannan hali, ga kuma dagaci a ƙofar ofis yana kukan burtsatsen ƙauyensa ta lalace, da wuya ka ga laifinsa in bai tuna da ɗakin tsofaffin takubba ba.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Duk da haka ya sauya tambayar. Duk ranar da kuɗin ya fara sauka kai tsaye yadda kotu ta ce, za a rubuta kasafin ƙananan hukumomi kusan sabo fil, kuma abin da bai samu layi a wannan rubutun na farko ba zai daɗe a waje, domin a ƙasar nan kasafin baɗi yawanci kwafin na bana ne da aka ɗan ƙara wa alƙaluma. Tun ran gini tun ran zane. Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin wannan magana.

Hukumar gari ta riƙe kayan garinta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, baitulmali na tara haraji da jangali, En'e ta riƙe kasonta, ta biya 'yan doka da alƙalai da malamai, ta riƙe gidan yari da asibiti. En'en Kano har ruwan famfo da wutar lantarki ta kawo wa birni a farkon shekarun 1930. Gyaran fada da masallaci da ƙofofin gari aikin magina ne masu sarkinsu, kuma al'ada ce da ake yi duk shekara. A Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, wadda sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942, an mayar da ita Gidan Tarihin Kanta a 1958, tun kafin mulkin kai. Ba yabon En'e nake ido rufe ba. Talakawa sun sha wuya a hannun masu karɓar haraji, kuma da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979 murna aka yi. Abin lura shi ne, daga gyaran fasalin ƙananan hukumomi na 1976 zuwa abin da ya biyo baya, iko ya bar hannun masarauta, kuɗi ya koma saukowa daga sama, nauyin kula da tsofaffin gine-gine kuma ya faɗi a tsakani, babu wanda aka rubuta wa shi da suna.

Yanzu mu shiga cikin takardar kasafin kanta, domin a nan ainihin cutar take. Kasafin gwamnati kashi uku ne: albashi, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da manyan ayyuka. Albashi yana fita ko ana ha-maza-ha-mata, saboda in ya makara ƙungiyar ƙwadago za ta rufe ƙofa. Manyan ayyuka suna da masoya: akwai kwangila, akwai allon da za a rubuta suna, akwai ranar yanke ƙyalle a gaban 'yan jarida. Kuɗin gudanarwa shi ne maraya. Shi ake fara datsewa in kaso ya ragu, shi ake saki rabi-rabi, wani lokaci a haɗa wata uku, wani lokaci a tsallake. Gidan tarihi kuwa kusan duk ransa a wannan kason yake.

Ka duba abin da yake ci. Bayan yaɓe da makuba, yana buƙatar maganin gara, domin gara ba ta bambanta tsohon itace da allon da wani babban malami ya yi karatu da shi. Yana buƙatar kwan fitila da kuɗin wuta ko batirin sola, da kwaɗo mai kyau, da maigadin dare da ake biya a kan lokaci. Akwatunan gilashi sai sun rufu sosai don kada ƙurar hunturu ta shiga. Tsofaffin littattafan Larabci da na ajami sai an naɗe su da takardar da ba ta cin rubutu. Tukunyar kashe gobara tana da wa'adi, sai an sabunta ta. Yaran makaranta in sun zo hamsin-hamsin suna buƙatar banɗaki mai ruwa. Sama da duka akwai littafin rajista, wanda kowane abu ke da lamba da hoto da bayanin inda ya fito a ciki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a gayyaci gwamna ya buɗe, amma rashin kowanne na iya cinye abin da kuɗi ba zai sake sayowa ba.

Ga yadda abin ke tafiya a zahiri. Ana barin gini shekara bakwai ko goma babu yaɓe, bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga, ruwa ya bi shi, soro ya rufta. Sai a farga, a ware miliyoyi a babin manyan ayyuka da sunan gyara na musamman. Ɗan kwangilar da aka ba sau da yawa bai san tubali da azara ba, siminti ya sani. Ya lafta wa bangon ƙasa siminti, ya shafa fenti. Siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi. Danshi yana taruwa a bayansa, bayan 'yan damuna sai fatar simintin ta ɓalle ta taho da ƙasar da ta manne wa. An kashe ninkin-ba-ninkin kuɗin yaɓen shekara goma, an rasa zanen asali na bangon. Magini na gado kuwa, wanda ya san yadda ake haɗa laso da katsin marina, yana gida ba a neme shi ba, 'ya'yansa sun koma buga bulo. Wannan hasarar ta biyu ta fi ci mini rai, domin ranar da aka samu kuɗin yin gyara na gaskiya ana iya rasa hannun da zai yi shi. Kuɗin yaɓe na kowace shekara gini yake riƙewa, kuma sana'a yake riƙewa.

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa, na kai ɗalibai wani ƙaramin gidan tarihi a wani gari. Dattijon da ke kula da wurin ya zagaya da mu ɗaki-ɗaki da fitilar wayarsa, saboda ƙwayayen fitilun sun mutu. Ya san kowane abu: wannan sulken daga gidan wa aka kawo shi, wannan tambarin a wane yaƙi aka ce an buga shi. Na ce masa, Baba, duk wannan a rubuce yake? Ya taɓa kansa da yatsa ya ce, Malam, ga littafin nan. Ya kuma shaida mini ya daɗe yana neman a ba shi yaro ɗaya da zai koya wa, ba a samu gurbin ɗaukar ma'aikaci ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin ranar da Allah ya karɓi wannan bawan nasa, sulken zai koma ƙarfe kawai. Albashin wannan yaro ɗaya, a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, naira 840,000 ne a shekara. Ma'aikata biyar, miliyan 4.2. A ɗora kuɗin yaɓe da magani da wuta a kai, har yanzu ba a kai farashin sabuwar mota ɗaya irin wadda ake saya wa manyan jami'ai ba.

Akwai masu cewa gidan tarihi ya riƙe kansa da kuɗin ƙofa. Lissafi bai goyi bayansu ba. Mafi yawan masu zuwa yara ne cikin yunifom, waɗanda in aka tsawwala kuɗi makarantarsu ba za ta sake kawo su ba. Baƙi masu yawon buɗe ido da a da ake gani lokacin hawan Sallah sun ragu ƙwarai tun da matsalar tsaro ta taso. Ko a ƙasashen da baƙi ke tururuwa, ƙananan gidajen tarihi na garuruwa ba sa rayuwa da tikiti kaɗai. Ga kuma wani ƙulli: tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya, kuɗin da hukumomin tarayya ke karɓa baitulmalin gwamnati yake tafiya. An yi haka ne don toshe sata, kuma dalili ne mai kyau. Sai dai a ƙasa, mai kula da gida na iya karɓar kuɗin yara ɗari yau, gobe ya rasa na sayen kwaɗo sai ya rubuta takarda ya jira.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talaka: garin da asibitinsa babu magani, azuzuwansa babu rufi, me ya kai shi ga gidan tarihi? Ban raina wannan tambaya ba. Da a ce zaɓin tsakanin allurar rigakafi ne da fentin zaure, ni ma allura zan ɗauka. Amma a cikin takarda ba da asibiti gidan tarihi ke takara ba. A buɗe kasafi a duba babin tarurruka, tafiye-tafiye, karɓar baƙi, bukukuwa da gudummawa iri-iri. Daga nan ɗan abin da ake magana zai fito. Sannan akwai bambancin da ya kamata a faɗa a fili. Kwalbatin da ba a yi bana ba ana iya yin ta baɗi da ɗan ƙarin farashi. Takardar ajami da gara ta ci, ko kayan da aka sace, sun tafi ke nan. Satar ma abu ce da ta faru: a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan yumɓu na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jan jerin kayan Afirka da aka fi wawurewa. Abin da ba shi da lamba da hoto a rajista, ko an gan shi a kasuwar gwanjo a Turai, babu abin da za ka nuna ka ce naka ne.

Akwai kuma wanda a zuci yake ɗaukar gidan tarihi a matsayin ɗakin gumaka, ko da bai furta a zauren majalisa ba. Irin wannan a kai shi ya gani da idonsa: Alƙur'ani rubutun hannu, allo da tawada, masaƙa, kayan ƙira, sirdi da likkafa, wasiƙun sarakuna da na malamai. Kayan kakanninsa ne. Alƙur'ani ma ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Garuruwan wasu ƙasashe sun shiga irin wannan matsi. A Ingila, majalisar garin Northampton ta so faɗaɗa gidan tarihinta, kuɗi ya gaza, sai ta ɗauko wani mutum-mutumin tsohuwar Masar, na wani magatakarda mai suna Sekhemka, wanda ya haura shekara 4,000, ta kai shi gwanjo a Landan a Yulin 2014. An saye shi fam miliyan 15.76. Masar ta yi Allah wadai, hukumar da ke tantance gidajen tarihi a Ingila ta janye wa garin shaidar amincewa na shekara biyar, abin da ya toshe masa ƙofofin tallafi, kayan kuma ya shige hannun wani mai saye da ba a bayyana ba, ya bar idon jama'a. Kamar wanda ya sayar da doki ne ya sayi sirdi.

A Amurka, birnin Detroit ya ayyana karyewa a Yulin 2013 da bashin kusan dala biliyan 18. Kayan babban gidan zane-zanen birnin mallakar hukumar birni ne, don haka masu bin bashi suka sa musu ido. Abin da ya cece su wata yarjejeniya ce: gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan kansa suka yi alƙawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20 don tallafa wa fanshon ma'aikatan birni, aka kuma cire kayan daga mallakar hukuma aka sa su a amana. Amma abin da ya fi jan hankalina ya faru ne shekara guda kafin nan. A 2012 mazauna gundumomi uku na yankin suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a ɗora musu ɗan haraji a kan gidaje, kimanin dala 20 a shekara ga gidan da ya kai dala 200,000, na tsawon shekara goma, kuɗin ya tafi ga gudanar da gidan, su kuma su riƙa shiga kyauta. A 2020 suka sake amincewa. Ba sabon haraji nake nema a ƙaƙaba wa mutanenmu ba, sun gaji da wanda ke kansu. Siffar kuɗin ce abin ɗauka: kaɗan ne, an san adadinsa, yana zuwa kowace shekara, doka ta ɗaure shi don kada a karkatar, kuma wanda ya biya yana ganin abin da ya samu.

To mu koma ga 'yar ƙofar nan ta Jadawali na Huɗu. Majalisar dokokin jiha na iya ƙara jumla ɗaya a dokar ƙananan hukumomi, ta ce kula da gidajen tarihi da tsofaffin gine-ginen da ba na tarayya ba yana cikin ayyukansu. Da wannan ma'aji ya samu hujjar buɗe layi, mai binciken kuɗi kuma ba zai tuhume shi ba. Ga ƙananan garuruwa, inda kayan ke jibge a wani ɗaki a gidan hakimi ko tsohon ofishin En'e, wannan ne kusan hanya ɗaya tilo, domin Abuja ba za ta taɓa isa kowane gari ba.

Ga gida irin na Makama da ke hannun tarayya, ƙaramar hukuma ba za ta biya albashi ko ta taɓa kayan ciki ba. Amma abin da ke kashe ginin ƙasa rabi daga waje yake zuwa, kuma wajen nan nata ne tun asali: magudanar da ta toshe har ruwa ya kwanta a gindin bango, shara, rumfunan da aka jingina da katanga, duhun titi da dare. Ana iya rubuta yarjejeniya ta ɗauki waɗannan a aikace, har da biyan magina kai tsaye, maimakon ta tura kuɗin da zai faɗa asusun bai-ɗaya. Ga kuma babin ilimi. Tun da an dawo da darasin tarihi cikin manhaja bayan shekarun da ya yi a waje, kuma ƙaramar hukuma na da hannu a firamare, babu abin da zai hana a ware kuɗin mota da na jagora don kowane ɗan aji biyar ya shiga gidan tarihin garinsu sau ɗaya kafin ya gama. Wannan layi ne da kansila zai iya kare shi a gaban iyayen mazaɓarsa ba tare da kunya ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai masu ba da tallafi daga waje, irin su asusun jakadun Amurka na adana kayan al'adu, da shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, ga kuma attajiranmu na gida. Irin waɗannan sukan biya kuɗin gyara na sau ɗaya ko ɗaukar hoton takardu, amma da wuya su biya maigadi har abada, kuma tambayar da ke bakinsu ita ce wa zai kula da wurin bayan sun tafi. Layi ɗaya a kasafin ƙaramar hukuma, komai ƙanƙantarsa, amsa ce da za a iya nunawa a takarda.

Dole kuma a faɗi haɗarin. Ƙaramar hukuma na iya cika gidan tarihi da 'yan siyasar da ba su san komai a kai ba. Ciyaman na zuwa ya tafi cikin 'yan shekaru, wanda ya gaje shi kuma yana iya watsar da duk abin da ya tarar. A wurinmu gwanjo irin na Northampton ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne a ɗauki takobi a ba wani babban baƙo kyauta, ko a kalli filin gidan, wanda yawanci a tsakiyar gari yake, a ga wurin jera shaguna. Saboda haka dokar da ta ba da kuɗi ita ce za ta haramta sayarwa da kyautarwa da yanka fili, ta sa kayan a hannun kwamitin amintattu da ya haɗa masarauta da malaman tarihi da magina da wakilin hukuma, ta wajabta ƙidayar kaya kowace shekara a gaban shaidu. Layin ma ya fito da sunan gidan ƙarara. In aka cusa shi a ƙarƙashin babin al'adu da wasanni, gasar ƙwallo ɗaya ko bikin tarbar baƙi ɗaya ya isa ya lashe shi.

Saura maganar lokaci, wadda masu son tarihi suka fi yin sakaci da ita. A watannin ƙarshen shekara ake shirya kasafi, daga wajen Oktoba zuwa Disamba. Wanda ke son layi a lokacin zai je wurin kansilansa da daraktan tsare-tsare, riƙe da takardar da magini ya lissafa tifa nawa ta ƙasa, buhu nawa na makuba, leburori nawa, kwana nawa. Zuwa a watan Yuli da hoton bangon da ya faɗi tausayi kawai yake samowa. Sannan a rubuta a jikin layin cewa za a saki kuɗin a zangon farko na shekara. Ƙasar yaɓe sai an jiƙa ta, an tattaka ta da ciyawa, an bar ta ta kwana ta ruɓa, an shafa, ta bushe da zafin bazara kafin ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni. Kuɗin da aka saki a Agusta, ko an saki duka, ya tarar da magini a gona da bango a jiƙe. A Fabrairu ko Maris ya kamata ya shiga hannu.